Jar Fitila a Gonar Kudu

Rabi'u yana durƙushe kusa da ƙafafun ƙarfen da ke ɗauke da madubinsa na hangen nesa, yana sauraron kyamara tana ƙyas duk bayan minti guda, sai farin hasken tocila ya faɗo daga bayansa ya wanke gonar. Bai waiwaya ya ga ko su wane ne ba. Zumbur ya miƙe, ya kare bakin bututun madubin da jikinsa, ya ɗaga murya.

"Ku kashe fitilar nan. Don Allah ku kashe, za ku ɓata mani aiki."

A wannan yanki, a wannan shekara, babu maganar da ta fi wannan muni a bakin baƙon da aka tarar a gona da tsakar dare. Gora ta farko a ƙeya ta same shi, ta biyu a haƙarƙari. Ya faɗi rubda ciki a kan kunya, ƙasa ta cika masa baki. Wani ya taka masa wuya, wani ya murɗe hannayensa baya ya ɗaure da igiyar ɗaurin jaki. Ba su tambaye shi sunansa ba sai da suka gaji.

Rabi'u mai hoto ne a Madarumfa. Shagonsa na kusa da tasha, inda yake ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa da na 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, ranar biki ko suna kuma a kira shi gida. Shekara shida da suka wuce ya tsinci bututun nan cikin kayan gwanjo a Maraɗi, mai kayan ma bai san mene ne ba. Shi kaɗai ya koya wa kansa aiki da shi ta talho, wato wayar hannu, har ya haɗa masa ɗan inji mai batir wanda ke juya shi a hankali yana bin tafiyar taurari. Abin da ya ɗauke masa hankali wani curin taurari ne da ke fitowa ta kudu a bazara. Da ido kamar tauraro guda ne mai dishi-dishi, amma masana sun ce miliyoyi ne suka dunƙule wuri ɗaya. Shi dawo yake ce masa, don ya yi kama da dawon fura. Hoto ɗaya ba ya fito da shi sosai. Sai an bar idon kyamara a buɗe minti guda cur, a yi haka sau ɗari da ashirin, a kai gida a jera su kan juna a ordinata, wato kwamfuta, sannan ƙananan taurarin su bayyana. Haske kaɗan ya gifta, hoton ya mutu. Shi ya sa ya bar fitilun gari ya zo gonar kawun matarsa, kudu da garin Gabi. Shi ya sa kuma ya ɗaure bakin tocilarsa da jar leda, don farin haske na kashe ido a duhu, ja kuwa ba ya yi.

Kawun ya ba shi izini. Maigari ne bai je ya gaya wa ba, kuma ba mantuwa ya yi ba. Kunya ya ji kada a ce ga magidanci mai 'ya'ya huɗu yana kwana a daji yana ɗaukar hoton taurari. Girman kai ne, ko da ya sa rigar kunya, kuma shi ya jawo masa rabin abin da ya same shi. Sauran rabin ba nasa ba ne.

Su biyar ne, 'yan sintirin ƙauyen da ke gabas da gonar. Shugabansu Ɗanlami, dogo mai faɗin ƙirji, ya tsuguna ya damƙi gashin Rabi'u ya ɗaga fuskarsa cikin haske. Kwana tara ke nan da 'yan bindiga suka fito daga dajin kudu suka shiga ƙauyen. Kai tsaye suka nufi gidan mutumin da ya sayar da bijimai a ranar, suka kwashe abin da suka samu, suka harbe Yusuf, ƙanen Ɗanlami, a ƙofar gidansu. Kowa ya san ba su yi duba ba, wani ne ya gaya masu. Ga shi kuma dare uku a jere ana hangen wata jar wuta a gonar nan tana kunnuwa tana mutuwa.

"Da wa kake magana?" in ji Ɗanlami.

"Ba ni magana da kowa. Ni mai hoto ne, Rabi'u, na bakin tashar Madarumfa. Gonar kawun..."

Mari ya katse shi.

"Jar wutar fa? Sau ɗaya mi take nufi, sau biyu mi take nufi? Su taho, ko su dakata?"

"Takarda nake dubawa da ita, wallahi. Taurari nake ɗauka."

Wani ya yi dariya, dariyar da ba ta da daɗin ji. "Ka ji shege. Taurari sun yi suna ne suka gayyace ka?"

A daidai lokacin kyamara ta yi ƙyas. Duk suka ja da baya, bindigogi biyu na adaka suka juya kan bututun. Cikin shirun suka ji ɗan kukan injin, siriri kamar na sauro. Babu wanda ya taɓa abin, amma yana aiki, kuma bakinsa na fuskantar kudu, inda dajin yake. Tsoron kada ya fashe ne ya hana su tunkuɗe shi. Tsoron ya koma kan Rabi'u. Suka sake rufe shi da duka, a cinya, a baya, a gwiwa, har ya daina kare kansa ya koma kiran sunan Allah kawai.

"Ku duba," ya ce da ya samu numfashi. "Bayan kyamarar akwai gilashi. Ku danna maɓallin dama na ƙasa, za ku ga abin da na ɗauka."

Aminu ne ya matsa, wani gajere da ya yi shekaru yana cirani a Najeriya, wanda ake ganin ya fi su sanin kayan zamani. Ya danna da ɗan yatsa ɗaya yana noƙe jiki. Hoton ƙarshe fari ne fat, hasken tocilarsu ya ƙone shi. Ya koma baya. Baƙin fili ne, da ɗigo-ɗigon haske warwatse, a tsakiya kuma suka yi cinkoso suka zama dunƙule mai haske. Ya daɗe yana kallo, sannan ya gyaɗa kai irin na wanda ya gano bakin zare.

"Na san irin wanga hoto. Na sha ganin shi a talho. Daga sama ake ɗauka, da ɗan jirgin nan marar matuƙi. Ɗanlami, zo ka gani. Ga gari nan a tsakiya inda fitilu suka taru. Waɗannan na gefe rugage ne da gidajen gona. Taswira ce yake aika masu."

Suka yi layi suna leƙawa, kowa ya gani ya yarda. Wani har ya nuna inda yake jin gidansu ne.

Rabi'u ya tofar da jini. Da ya yi shiru da ya fi masa, amma mutumin da ya saba da gaskiyar abin da ya sani yakan ɗauka faɗinta ya isa.

"Haba bayin Allah. Garinku ko wutar kuran babu. Ina kuka samu fitilu dubu?"

"Kun ji?" in ji Aminu. "Har ya san ba mu da kuran."

Ɗanlami ya kwance igiyar, ya ja hannun Rabi'u na dama ya shimfiɗa a kan kututturen da manomi ya sare, ya sa gwiwa ya danne wuyan hannun.

"Suna nake so. Wa ke ba ka labarin gidajenmu, kuma wa kake ba? Yusuf ko sanda bai riƙe ba. Fitowa ya yi ya ga mi ke faruwa."

"Ban san su ba. Na rantse da..."

Gindin bindiga ya sauka. Ƙarar ƙashin ta yi kamar an taka busasshen kara. Rabi'u ya yi wani kuka wanda shi kansa bai san daga jikinsa ya fito ba. Ɗanlami ya sake tambaya, ya sake saukewa. A karo na uku yatsun sun riga sun karkace kowanne ya nufi gabansa, kuma fitsari ya jiƙa wandon Rabi'u. Kyamara ta yi ƙyas.

"Ya isa."

Baba Sa'idu ne, tsohon maharbi, wanda tun farko ya tsaya a gefe. Bai doki kowa ba, bai kuma hana ba, kuma wannan ba ƙaramin laifi ba ne ga mai furfura. Ya zagaya bayan bututun ya karkata kai yana bin tsayinsa da ido kamar mai auna bindiga.

"Abin nan ba daji yake kallo ba. Ya ɗara kan itatuwa da nisa. Ku kau da tocila." Ya kare ido da hannu. "Can wajen akwai wani tauraro, tun ina yaro na san shi. Ba ya ƙyalli kamar sauran, kamar an shafe shi da yatsa. Kai mai hoto, shi ne?"

"Shi ne, Baba." Muryar da ƙyar take fita. "A cire kyamarar. A aljihun jakata akwai ɗan gilashin da ake sa ido. Ka gani da kanka."

"Dabara ce," in ji Aminu.

"In dabara ce ba ga shi nan kwance ba? Ina za shi?"

Suka ja Rabi'u zuwa gindin bututun. Da hannun hagu ya nuna wa tsohon abin da zai murɗa, aka zare kyamarar, aka sa gilashin. Sannan ya faɗi abin da ya san ba za su so ji ba: sai an kashe kowace tocila, a jira ido ya saba da duhu.

Ɗanlami ya ɗora bakin adaka a ƙeyar Rabi'u. "Ku kashe. Na ji ko ganye ya motsa, kai ne farko."

Duhu ya rufe su. Ruwan farko ya sauka shekaranjiya ya wanke sama, ga shi babu wata. Rabi'u yana jin sanyin ƙarfen a fatarsa, yana jin hannunsa na bugawa kamar zuciya ta biyu. A hankali taurari suka dawo, suka yi ta ƙaruwa har ƙasa. Baba Sa'idu ya sunkuya ya sa ido. Ya ce hazo kawai yake gani. Rabi'u ya ce ya juya ɗan ƙarfen gefe kaɗan-kaɗan. Tsohon ya juya, sai ya tsaya cak.

"Subhanallahi," ya ce a hankali. Bayan wani lokaci ya ƙara, "Kamar an zuba gero a baƙin mayafi. Ba su ƙirguwa." Ya ɗago ya dubi sama da ido, ya sake sunkuyawa, ya sake ɗagowa. "Ɗanlami, kawo bindigar. Zo."

Ɗanlami ya fi kowa daɗewa da ido a kan gilashin. Da ya ɗago, Aminu ya leƙa ya ja tsaki, amma bai sake ambaton taswira ba. Sauran biyun suka duba su ma. Rabi'u ya sauke ajiyar zuciya, ya kwantar da kansa a ƙasa, ya ɗauka ya tsira.

"To yanzu fa?" in ji ɗaya daga cikinsu.

Aminu ya kunna tocila ya haska Rabi'u daga kai zuwa ƙafa: ido ɗaya ya rufe, leɓe ya tsage, hannun ya kumbura ya zama wani abu daban.

"Wanga ba ya ɓoyuwa," ya ce. "Ɗan birni ne, ya san mutane. Gobe war haka jandarmomi na ƙofar gidajenmu. Kun manta mutanen da suka doki ɗan tireda bara? Su bakwai, har yau suna gidan kaso."

"In aka kwashe mu wa zai tsare garin?" in ji wani. "Su waɗancan suna jin labari za su dawo."

"Da mai kai rahoto ne, babu mai tambayar mu."

"Ai babu wanda ya san ba shi ba ne sai mu."

Aminu ya juya hasken wajen bakin gonar. "Akwai tsohuwar rijiya can. Gaba ashirin ce, ba a sha."

Nan Rabi'u ya gane. Muddin suna zarginsa, suna buƙatarsa da rai don ya faɗi suna. Yanzu da suka tabbatar ba shi da laifi, babu abin da ransa zai yi masu sai kaso. Ya nemi miƙewa, gwiwa ta ƙi. Ya dubi Ɗanlami, domin a bakinsa maganar take. Ɗanlami yana kallon ƙasa, yana shafa gindin bindigarsa da babban yatsa, inda jini ya fara bushewa.

"Ina da 'ya'ya huɗu," in ji Rabi'u. "Babbar, Nana, bana za ta yi jarrabawa."

"Yusuf uku ya bari," in ji Ɗanlami, ba da fushi ba.

Baba Sa'idu ya taho ya zauna a ƙasa kusa da Rabi'u, ya miƙe ƙafafu, ya ɗora adakarsa a cinya.

"Ɗazu kuskure muka yi, Allah na iya yafewa. Wanga da kuke shiri ba kuskure ba ne. Rijiyar ta isa mutum biyu, sai ku haɗa da ni, don ni ba ni iya riƙe shi a ciki. Ɗanlami, ni na yi wa ubanka wanka. Ka dube ni."

Ɗanlami bai dube shi ba. "To mi za mu yi, Baba? Mu kai kanmu?"

Jarumtar tsohon ta kai ga hana kisa, ba ta kai ga nan ba.

"A sa shi ya rantse," ya ce daga bisani. "Ya ce 'yan bindiga suka same shi. Mu muka ji kuka, muka taho, muka yi harbi, suka gudu."

Babu Alƙur'ani a gonar. Aminu ya ciro talho ya buɗe wanda ke ciki, ayoyin suka haska fuskokinsu.

"Wanga talho ne," in ji Baba Sa'idu.

"Ayoyin dai su ne."

Suka ce da dama ake rantsuwa. Ɗanlami ya ɗago karyayyen hannun ya ɗora a kan gilashin talhon, Rabi'u ya cije leɓe har ya sake fashewa. Ya maimaita abin da aka faɗa masa kalma bayan kalma: in ya gaya wa jandarma, ko matarsa, ko wani mahaluki, Alƙur'ani ya ci shi, ya ci 'ya'yansa. Aminu ya goge jinin a wandonsa ya mayar da talhon aljihu.

"Saura kayan," ya ce. "'Yan bindiga ba su barin kyamara."

Rabi'u ya ce ko ɗan katin da ke ciki su bar masa, hoto sittin da biyu ne, dare uku yana fama kafin ya samu sama mai kyau. Ba wanda ya saurare shi. Baba Sa'idu da kansa ya saɓi bututun a kafaɗa, injin na ta ɗan kukansa, ya nufi bakin gonar. An ɗan jima kafin ƙarar ta taso daga ƙasan rijiyar. Sannan Ɗanlami ya ɗaga adaka ya harba sama, wani ya ƙara ɗaya, karnukan ƙauyen suka ɗauka.

A amalanken jaki suka kai shi Gabi, daga nan aka sa shi a tsakiyar moto mai ƙafa biyu, Ɗanlami na riƙe da shi ta baya, har gidan likita na Madarumfa. Gari na wayewa aka ɗaure hannun. Ma'aikacin ya ce yatsu uku sun karye fiye da wuri ɗaya, sai an tura shi Maraɗi, kuma kada ya sa rai za su koma lanƙwasawa kamar da.

Jandarma ya zo da littafi ya ja kujera. Ɗanlami na tsaye a bakin ƙofa, hularsa a hannu.

"Su nawa ne?"

"Biyar, Shef."

"Ka ga fuskar wani?"

Rabi'u ya dubi silin. "Tocila suka haska mani a ido."

"Mi suka ɗauka?"

"Duk kayan aikina."

Jandarman ya rubuta. Ya yi masa faɗa sosai kan fita daji da dare ba da sanin hukuma ba, ya ce mutum mai hankali ba ya haka a irin wannan lokaci. Da zai fita ya tsaya ya miƙa wa Ɗanlami hannu, ya ce da kowane gari na da irinsu da aikin ya yi sauƙi.

Yana fita Mardiyya, matar Rabi'u, ta shigo, hijabinta a karkace, takalmi ƙafa ɗaya nata ɗaya na 'yarta. Ta ga fuskar mijinta, ta ga hannun, ta toshe baki. Ba ta yi kururuwa ba. Ta juya ga mutumin da ke bakin ƙofa, don an riga an gaya mata a waje. Ta durƙusa har ƙasa.

"Kai ne Malam Ɗanlami? An ce kai ka riƙo shi a moto tun daga Gabi. Ba ni da bakin gode maka. Yadda ka rufa mana asiri, Allah ya rufa naka duniya da lahira. Allah ya jiƙan ɗan'uwanka. Yadda ka yi wa uban 'ya'yana, Allah ya sa a yi wa naka 'ya'yan."

Ɗanlami ya murɗe hular a hannunsa.

Mardiyya ta waiwayo, hawaye na zuba. "Baban Nana, addu'a nake yi wa mutumin da ya cece ka. Ba ka ce amin ba."

Rabi'u ya juyo da idonsa mai gani ya sauke a kan Ɗanlami. Ya tuna an ce Yusuf ya bar 'ya'ya uku, bai san ko nawa shi Ɗanlamin yake da su ba.

"Allah dai ya jiƙan ɗan'uwan nasa," ya ce. "Ta 'ya'yan ki bar ta."